Aikin ikkilisiya ba na fasto kaɗai ba ne

Ƙannena matasan ikkilisiya, maza da mata, ina da magana da ku, kuma ba ta wasa ba ce.

Mun saba da wata ɗabi'a da ke cinye mu a hankali. Wani ya kwanta ciwo a unguwar Zariya ta Maraɗi, a kira fasto. An yi rasuwa a Tsibiri, fasto. Miji da mata sun saɓa, fasto. Har fitilar majami'a in ta mutu, shi ake jira. Mutum ɗaya ne fa, da iyalinsa, galibi ma da gonarsa da yake nomawa don albashin bai isa ba. In ya gaji ya kasa zuwa, mu ne na farko wajen gunaguni.

Ku buɗe Fitowa sura 18. Musa ya zauna yana shari'a daga safe har yamma, sai surukinsa Yetro ya ce masa wannan zai gajiyar da shi, ya gajiyar da jama'ar. Ya ba shi shawara ya naɗa amintattun mutane a kan dubu, ɗari, hamsin da goma. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, da aka fara mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci, mutum 7 aka zaɓa, har da Istifanas. Rabon abinci ne aikin, amma sai da aka nemi masu cike da Ruhu da hikima. Wannan wurin nake so ku tsaya a kai, domin a nan ciwonmu yake. Kowa na son makirufo, kowa na son tsayawa gaban mawaƙa ranar Lahadi. Amma a ce wa zai koyar da yara a makarantar Lahadi, wa zai je ya karanta wa tsohuwar da idonta ya dushe Zabura, wa zai kwana wurin marar lafiya a asibitin Danja, sai ka ji shiru.

Tun da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Damagaram a 1924, suka zo Tsibiri a 1927, ba a taɓa samun fastoci da suka ishi ƙauyukanmu ba. Manomi da ya iya karatu shi ke buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala da Hausa a 1932, ya jagoranci sujada. Iyayenmu na Zumuntar Mata kuwa, Allah ya saka musu: ziyara, girki, ta'aziyya, ba su jira an naɗa su ba. Mu Kirista a Nijar ba mu kai kashi 1 cikin 100 ba. Jama'a kaɗan irin wannan ba ta da wanda za ta ajiye a benci yana kallo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku ma iyayenmu dattawa, da girmamawa nake roƙonku, ku saki wani abu. Yarinyar da ta karanci lissafi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za ta iya riƙe littafin baiko, ku kuna dubawa. In saurayi ya yi kuskure a wa'azinsa na farko, a ja shi gefe kamar yadda Bilkisu da mijinta Akila suka yi wa mai wa'azi Afolos a Ayyukan Manzanni sura 18, kada a kunyata shi a gaban taro.

Ranar Lahadi mai zuwa, bayan an tashi, kada ka yi sauri zuwa babur ɗinka. Je wurin fasto ko ɗaya daga cikin dattawa, ka tambaye shi aikin da ya rasa mai yi, ka karɓa, ka riƙe shi har shekara ta zagayo.