Daƙiƙa ashirin na kalangu a cikin aji, sata ce?

Jiya a fadarmu ta hira, ba a kai ga zuba shayi na biyu ba gardama ta kaure tsakanina da wani abokina mai studiyo a nan Maraɗi. Labarin ajina ne ya jawo ta. Ina koya wa yara karin sauti, na cika allo da layuka, wannan ya hau wannan ya sauka, su kuwa sun zuba mini ido kawai. Sai na ciro salula na sa musu kiɗan kalangu, bai fi daƙiƙa ashirin ba, na ce su gaya mini abin da gangar ke faɗi. Kafin in maimaita, wata yarinya a bencin baya ta rera kirarin daidai yadda makaɗin ya matse tsarkiya ya saki. Abokin nawa ya aje kofi ya ce, "Mushe, wannan fa haƙƙin mutane ne. Ka biya?"

Ban ga laifinsa ba wallahi. Mutum ne da zai kwana yana haɗa waƙa, ya sayi esansi ya tada janareta, bayan sati ɗaya ya tarar ana tura aikin nasa gaba ɗaya cikin memori a bakin kasuwa da ƴan daloli, ko dala ɗaya ba ta zo hannunsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Amma abin da na yi da abin da mai turi ke yi ba su haɗa hanya ba, kuma doka ma ta raba su. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mawallafa da mawaƙa, wadda Nijar ke cikinta, a sashi na 10 ta yarda a tsakuro daga aikin wani, ta kuma bar wa ƙasashe damar halatta amfani da shi don misali a wajen koyarwa. Sharaɗin shi ne kada a wuce abin da buƙata ta kawo, kuma a faɗi inda aka ɗauko da sunan mai shi. Yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda ta kafa OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai mazauni a Yaounde, ita ma ta bar wa koyarwa wannan ƙofa. BNDA, hukumar haƙƙin mawallafa ta Nijar da ke Yamai, aikinta karɓa wa mawaƙa haƙƙinsu daga masu cin moriyar waƙa, irin su gidajen radiyo. Malamin da ya sa amshi ɗaya a aji bai hana mawaƙi cinikin ko sisi ba. Yaran ma komawa gida suke suna neman sauran waƙar.

Wani yaro a fadar ya sa baki, wai ai in bai kai daƙiƙa talatin ba halal ne. Wannan magana ta yaɗu a intanet, amma babu dokar da ta ƙayyade daƙiƙoƙi. A Amurka, inda aka fi yayata batun, dokarsu ta 1976 abu huɗu take dubawa: don me ka ɗauka, wane irin aiki ne, nawa ka ɗiba a cikinsa, kuma ko ka taɓa kasuwar mai shi. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara a can ta ce ko ɗan sautin jita na daƙiƙa biyu da aka yanko aka dasa cikin wata waƙar kasuwa, sai da izini. Ashe ba a ƙidayar agogo maganar take ba.

To, ɓangarenmu ma akwai gyara, kuma a nan raina ya fi ɓaci. Za ka ga mutum ya ɗora waƙa tun daga bismilla har tamat a Facebook, ya rubuta "domin ilimi kawai" a ƙasa, babu sharhi ko na layi ɗaya, mabiya yake nema. Wane ilimi? Ga kuma malamai ƴan uwana da ke tura wa ɗalibai tsofaffin waƙoƙin fadar sarakuna a WhatsApp da sunan "waƙar gargajiya", kamar daga sama ta faɗo. Wani bawan Allah ne ya yi ta, da ƴan amshinsa, da mai kotso ko taushi a bayansa, kuma jikokinsa na nan da rai a Tibiri ko Madarunfa ko tsallaken iyaka. Makaɗanmu da kansu ba su san wannan rowar suna ba. Sau nawa muka ji makaɗi ya tsaya tsakiyar waƙa ya ambaci wanda ya koya masa, ya yi masa addu'a?

Ni dai abin da nake yi, kafin in sa, sai na rubuta sunan makaɗin da garinsu a allo. In sa gurin da darasi ke buƙata, in tsayar, mu tattauna, in sake sawa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ba zan iya kwaikwayon goge da bakina yara su fahimci komai ba.

Sati mai zuwa darasin gurmi gare mu. Na roƙi abokin nawa ya yanko mini daƙiƙa ashirin daga wani aiki da ya naɗa, zan rubuta sunan studiyonsa a allo. Ya ce in fara biyan kuɗin sukarin fada tukuna.