Baiti yana yawo, sunan mai shi ya ɓace

Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai ka ga an watsa baitin waƙa a WhatsApp ko Facebook, an rubuta a ƙasa "in ji wani mawaƙi". Wane mawaƙi? Ba shi da suna ne?

Abin ya fi damuna tun da na shiga neman asalin wasu baitoci da kakata ke rerawa in tana tsince shinkafa, baitocin da ke jan kunne kan ruɗin duniya da kwanciyar kabari. Rabinsu kawai ya rage a kaina. Na buga su a Google, shiru. Ashe yawancin rubutattun waƙoƙinmu ba su hau intanet ba, suna can cikin ƙananan littattafan ajami da na boko da ƙura ta rufe. Sai da na rera wa wani dattijon malami a unguwarmu, tun ban kai ƙarshe ba ya karɓe, ya ce, "Yaro, ai Imfiraji ce wannan, ta Malam Aliyu Namangi."

Ku dubi wannan bawan Allah. An haife shi a 1894 a ƙasar Zazzau, ya rasa ganinsa tun yana ƙarami. Da kunne ya yi karatu, a ka yake tsara baitocinsa, wasu su rubuta. A haka ya gina waƙa ɗaya bayan ɗaya ta Imfiraji, da wa'azi da begen Annabi (SAW), har makafi da almajirai suka ɗauke ta suna rerawa ƙofa-ƙofa. Mata a cikin kulle suka haddace ba tare da sun taɓa riƙe littafin ba. Daga baya aka buga ta a Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Ya rasu a 1990, yana da shekara casa'in da ɗoriya.

Wani zai ce ai saƙon ne muhimmi, ba mai saƙon ba. Ban yarda ba. Tun da na san makaho ne ya tsara baitocin nan, sai na ji nauyinsu ya sauya a zuciyata. Mutumin da bai ga ƙawar duniya da idonsa ba, shi ke gaya wa masu ido kada ta ruɗe su. In ka cire sunansa, ka cire wannan duka.

Kuma a al'adar malamanmu, ilimi da isnadi yake tafiya, wato jerin sunayen waɗanda aka karɓo shi daga bakinsu. Su kansu mawaƙan kan saka sunansu a baitocin ƙarshe don a yi musu addu'a. Mu kuma muna yanke wurin, mu kwashe sauran.

Don Allah, in kuna da dattijo a gida da ya haddace irin waɗannan waƙoƙi, ku ɗauki muryarsa a waya, ku tambaye shi waƙar wa ce, a bakin wa ya ji ta. Allah ya jiƙan Malam Aliyu Namangi, ya sa Aljanna ce makomarsa.