Tambayar da mai gyaran famfo ya yi mini a Jidda

Ranar Asabar da ta wuce, haris ɗin gidan da muke haya a Jidda, wato mai gadi, ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da sassafe, tare da mai gyaran famfo, wanda a nan ake kira sabbak. Babu abin da ya lalace. Cewa suka yi zafi ya ƙarato, mai gida ya ce a duba komai kafin watan Yuni.

Na bi su don in gane wa idona. Sun fara da tankin ƙasa, wani rami mai girman ɗaki a ƙarƙashin ginin, inda ruwan gwamnati ko na motar wayit, wato tankar ruwa, yake zuba. Suka kwashe shi ƙaf, suka goge lakar da ta kwanta, suka zuba magani. Daga nan ne inji yake tura ruwa zuwa tankin saman rufi, kuma can ne aikin yake. A tsakiyar zafi, ruwan tankin sama ba ya taɓuwa, ko alwalar Azahar ba ka iya yi da shi. Sai mutane su kashe hita, su riƙa wanka da ruwan da ya kwana a cikinta, don shi ne mai sanyi. Garin da zafinsa ya taɓa kai digiri 52 a 2010 ai ba a yi masa wasa. Sabbak ya naɗe duk bututun da rana ke duka, ya canza ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika, ya ɗaure murfi tam. A banɗakinmu kuma ya nuna mini makwararar ƙasa, ya ce ɗan ruwan da ke kwance a lanƙwasar bututun shi ke tare wari da kyankyasai, zafi kuma busar da shi yake yi. In za mu yi tafiya, mu zuba ruwa mu rufe.

Yana tattara kayansa sai ya ce, "Ya Hajji, ku a ƙasarku sau nawa kuke wanke tanki a shekara?"

Ba da wata manufa ya faɗa ba, amma maganar ta soke ni. Na ce muna wankewa. Alhali na san tankin robar da na sa a gidanmu na Kurna a Kano, tun ranar da aka ɗora shi babu wanda ya leƙa cikinsa. Kwatar layinmu kuwa kun san halinta a bazara, sai ruwan farko ya shigo ɗaki ake neman shebur.

Na sani su ma ba tsira suka yi ba. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta ci rayuka fiye da 100 a Jidda saboda ƙarancin magudanai. Amma sun ji jiki, sun haƙa. Gaskiya a wannan sun fi mu, nesa ba kusa ba.

Sai dai kada wani ya ce ƙazanta ce halinmu. Mutanen nan ba su da kogi ko ɗaya, ruwan Bahar Maliya ake tacewa a Shu'aiba a turo musu har cikin gida. Mu muna da Tiga, muna da Challawa, amma famfon gidanmu ya shekara nawa bai ɗiga ba? Wanda yake jiran ɗan garuwa ya kawo jarka, da wane ruwan zai wanke tanki? Hajiyarmu kuwa, tun ina yaro, ba ta taɓa barin randa ta yi kwana uku ba a ɗauraye ta ba. Tana nan a ƙarƙashin darbejiya, da faifai a kai da moɗa, ruwanta sanyi ƙalau ko a watan Afrilu. Shekarata takwas a nan, ban sha ruwan da ya kashe mini ƙishi kamarsa ba.

A daren na kira ƙanina, na ce ya nemo tsani da yara biyu, zan turo kuɗin. Hajiya ta karɓi wayar ta ce, "Tankin dai za ka aiko a wanke, kai ba za ka zo ba?"