An biya kuɗin tiyata, wa zai biya kuɗin cefane?

Idan likita ya yi wa ɗan dako aikin ƙaba, sai ya gargaɗe shi kada ya ɗaga kaya mai nauyi na makonni huɗu zuwa shida. Shawara ce mai kyau, amma mutumin da sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa, ina zai samu makonni shida na zama? Haka mai ƙosan da aka yi wa aiki wajen haihuwa. Shi ya sa da yawa ke komawa bakin sana'a tun ɗinki bai kama ba, ciwon ya dawo sabo.

Dokokin Najeriya ba su san da waɗannan mutane ba. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci albashin kwana 12 a shekara idan ya kwanta ciwo da shaidar likita, amma sai mai ubangida. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki, wato nan ma don ma'aikaci aka gina ta. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta yi ƙoƙari, ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Sai dai inshora asibiti take biya. Ba ta sayen masara, ba ta biyan haya.

A Ingila ma mai zaman kansa ba ya samun kuɗin jinya irin na ma'aikaci, amma idan samunsa ya yi ƙasa yana iya neman tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Universal Credit har ya miƙe.

Ba na cewa mu kwafi Ingila. Baitulmalinmu ba zai ɗauka ba, kuma mun san yadda jerin sunayen tallafi ke ƙarewa a hannun 'yan siyasa. Hanyar da ta fi kusa tana cikin tasha da kasuwa. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan Adaidaita kullum suna yankar kuɗin tikiti, ba fashi. Me zai hana a ware wani abu daga ciki ya zama asusun jinya, jiha ta ƙara nata kason, hukumar zakka ta cike wa waɗanda ba su da ƙungiya? Sharaɗin kawai takardar sallama daga asibiti, kuma kuɗin su tafi kai tsaye asusun majinyacin, kada su bi ta aljihun ciyaman.