Madarar da ba a tatsi saniya ba, me ya sa 'yan uwana suke ƙyamarta?

Na jima da barin nama da madara da ƙwai, ina cikin waɗanda ake kira vegan, kuma gaskiya abin da ya fi ba ni wahala ba nama ba ne, cuku ne. Na gwada na tsirrai kala-kala, wanda ake yi da ƙwallon kashu da wanda ake haɗawa da man kwakwa da sitacin rogo, ka yanka ka ɗora kan burodi ka sa a wuta ka tsaya kana jira ya narke ya yi yauƙin nan, sai dai ka ga mai yana tsatsafowa ta gefe shi kuma yana nan daram kamar roba. Dalili kuwa babu kesin a ciki, furotin ɗin madara da ke sa cuku ya miƙe in an ja shi.

To yanzu ga kamfanoni irin Perfect Day da aka kafa a Amurka a 2014, suna kiwon wasu ƙananan ƙwayoyin halitta a cikin tanki, a ba su sukari su kuma su fitar da furotin irin na madarar saniya sak, wasu kamfanonin ma suna ta fama su fitar da kesin ɗin ta wannan hanya. Ni murna na yi wallahi. Amma sai ga wasu daga cikinmu 'yan vegan suna cewa atafau ba za su taɓa ba, wai ai furotin ɗin dabba ne ko daga ina ya fito.

Ni dai abin da ya raba ni da madara shi ne saniya ba ta kawo nono sai ta haihu, a manyan gonaki kuwa ana ɗauke ɗan maraƙin daga uwarsa cikin 'yan kwanaki, tana kuka yana kuka. Lokacin da su Donald Watson suka kafa ƙungiyar 'yan vegan, wato Vegan Society, a Ingila a 1944 maganar cutar da dabba suke yi. A tankin nan wace saniya aka raba da ɗanta? Wanda ya ce shi ba ya son ɗanɗanon madara kwata-kwata ko yana gudun abincin da masana'anta ta sarrafa da yawa na fahimce shi, ra'ayinsa ne, amma kada ya ce wanda ya ci ya bar hanya.

Inda na yarda da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne rubutun jikin kwali. Furotin ɗin nan ɗaya ne da na saniya, don haka mai alajin madara, wato wanda jikinsa ba ya karɓar furotin ɗinta, zai iya cutuwa in ya ci duk da babu laktos, sukarin da ke cikin madara, a ciki, kuma iyaye da yawa da sun ga an rubuta babu dabba a ciki shi kenan sun saki jiki su miƙa wa yaro. Wannan dole a rubuta shi ɓaro-ɓaro a gaban kwali da manyan baƙaƙe, ba can baya inda sai ka ƙanƙance ido ba.