Ba auren dolen ne ya ishe mu ba, marubuta ku dawo da labarin gida

Kwanan baya 'yar yayata da ke karatu a Kongo, harabar jami'ar ABU da ke nan Zariya, ta turo min feji goma na labarin da take rubutawa a waya, ta ce "Anti dan Allah ki duba min, amma kar ki ce komai a kan auren dolen, na san kowa ya yi shi." Ni kuwa ba auren dolen ne ya tsaya min a rai ba. Abin da ya dame ni, yarinyar da aka haifa a Tudun Wada, ta san ƙamshin ƙosan bakin layinsu da sassafe, ta san yadda ake cika keke a Kwangila, amma tun feji na biyu jaruminta ya sauko daga jirgin kansa ya dawo daga Dubai, kuma har na kai ƙarshe ban ga Zariya ko sau ɗaya ba.

Mutane da yawa in an taɓo littattafan soyayya sai su ce duk labari ɗaya ne, miskilin mai kuɗi da 'yar talakawa, auren zumunci da aka ƙulla ba a so, auren yarjejeniya na wata shida da ke komawa na gaske, marainiya a hannun kishiyar uwa, sojan da ba ya dariya, yarima da baiwa. Gaskiya ne ana maimaitawa, amma ni ban ɗauki wannan laifi ba. Masa ma ai a tanda ɗaya ake soya ta kullum kuma ba mu daina saye ba, hannun mai ƙullu ne ke bambanta ta wance da ta wance. Mai karatu ta san za su so juna a ƙarshe, ba shi take jira ba, so take ta ga ta yaya, wa zai fara saukowa, wace magana ce za ta karya masa girman kai.

Kuma mu 'yan Zariya bai kamata a ce mun manta ba. A garin nan aka kafa hukumar talifi zamanin Rupert East, Baturen da ya jagorance ta, nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ga kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Jiki Magayi da John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East tun shekarun 1930, meye ƙashin bayansa in ba saurayi da budurwa na son juna mai kuɗi ya shiga tsakani ba? So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da kamfanin buga littattafai na NNPC ya buga a 1980, 'yar Fulani ce ta so wanda danginta ba su yarda da shi ba. Tsohuwar hanya ce sak, amma kina karantawa kina jin rugar, saboda marubuciyar abin da ta sani ta rubuta.

Toh a nan ne na yanzu ke ba ni takaici wallahi. An ɗauko tandar gida an zuba ƙullun finafinan Indiya da na Koriya da na Turkiyya, jarumi ba shi da sana'ar da za ki iya faɗa sai dai "kamfanoninsa", gidansa ba maƙwabta, ba almajiri a ƙofa, ba a ɗauke wuta, jarumar kuma in ba fara sol mai gashi har gadon baya ba ce to ba ta cancanci so ba. Na fahimci dalilin, mai rubutu a WhatsApp ko Wattpad kullum ana binta bashin sabon feji, in ta saki na kyauta sai ta riƙe mutane har su biya kuɗin shiga, don haka abin da ta ga ya sayu jiya shi za ta kwaikwaya yau, ba lokacin zama ta kalli mutanenta. Amma sakamakon shi ne kin gama littafi goma ba ki riƙe sunan mutum ɗaya ba.

Sai wanda ya fi ci min rai, miskilancin da ya koma duka. Namiji mai shiru-shiru wanda bai iya furta so ba muna da su a gidajenmu, kuma labarinsu na da daɗi. Amma wanda zai mare ta, ya kulle ta a ɗaki, ya yi mata fin ƙarfi, sannan a feji na sittin ya yi rashin lafiya ta yafe masa shikenan an wuce wurin, wannan kam ban yarda a kira shi soyayya ba, kuma 'yan shekara sha biyar ke karantawa cikin bargo da daddare. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta mugayen mazaje tun tuni, amma ba ta taɓa shafa musu turare ta miƙo mana su a matsayin abin buri ba.

Abin da na ce wa 'yata shi ne ta bar auren dolenta yadda yake, kar ta taɓa. Ta dai sauke jarumin daga jirgi ta ba shi shagon gyaran waya a PZ ko ta sa shi yana aikin kwana a asibitin Shika, ta bar shi ya tsaya a zauren gidansu cikin birni ya aiki yaro ya ce wai ana sallama da wance, ita kuma tana ciki ta ƙi fitowa, kakarta na ta faɗa daga kan tabarma. Ta yi shiru can ta ce "Anti, kina ganin za su biya kuwa in ba mai kuɗi ba ne?" Na ce ta gwada feji biyar tukuna. Jiya da daddare ta turo uku, a na biyun yaron da aka aika ya riƙe naira hamsin ɗin bai shiga gidan ba, saurayin na nan tsaye har aka kira isha'i.