Ghana ta tsaya a Kigali, to me za ta yi wa masu tserowa daga Burkina?

Ranar 21 ga Afrilun 1994, ana tsaka da yanka mutane a Ruwanda, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna a New York ya rage dakarunsa da ke ƙasar daga kimanin 2,500 zuwa 270. Beljiyam ta riga ta kwashe nata bayan an kashe mata sojoji 10. Mataimakin kwamandan rundunar, Birgediya Henry Kwami Anyidoho, ɗan Ghana ne, kuma shi ya dage wa hukumomin Accra cewa kada sojojinmu su fita. Suka zauna, su ɗari huɗu da 'yan kai, ga ƙarancin harsashi ga ƙarancin abinci, suna gadin dubban mutanen da suka fake a filin wasa na Amahoro da wasu wurare a Kigali. An kashe kusan mutum 800,000 cikin kwana 100, saboda haka babu mai bakin cewa an yi nasara. Sai dai akwai zuri'o'i a Ruwanda yau da ke raye albarkacin waɗancan sojoji da suka ƙi hawa jirgi.

Abin da ya sa na tuno wannan shi ne maganar da ta zama ruwan dare a unguwannin Nima da Mamobi na Accra, a bencin mai shayi da ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i: wai Majalisar Ɗinkin Duniya taron shan iska ce, dokokin yaƙi kuma an rubuta su ne don a ɗaure raunana. Ba na raina masu faɗar haka, domin hujja suke da ita. Sun ga yadda Amurka ta yi ta hawa kujerar na-ƙi kan tsagaita wuta a Gaza ana ciro yara daga ƙarƙashin gine-gine. Sun ga Rasha ita kaɗai ta kashe ƙudurin kare fararen hula a Sudan a Nuwamban 2024, ƙudurin da Saliyo da Birtaniya suka gabatar, sauran ƙasashe 14 suka amince. Sun kuma tuna Libiya a 2011, inda aka karɓi izini da sunan kare jama'a aka ɓuge da kifar da gwamnati, makaman ƙasar suka malalo Mali, wutar da har yau ba ta mutu ba.

Duk da haka ban yarda a watsar da abin ba, kuma dalilina na wanda ke zaune a ƙaramar ƙasa ne. Mai ƙarfi ba ya buƙatar doka, jiragensa sun ishe shi. Manomin da yaƙi ya rutsa da shi kuwa ba shi da abin riƙewa sai ita. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949, musamman ta huɗu, sun haramta taɓa wanda ba ya ɗauke da makami, sashe na 3 da ke cikin dukkansu kuma ya shafi har yaƙin cikin gida. Ga Musulmi wannan ba baƙon zance ba ne. Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya kada su kashe mace ko yaro ko tsoho, kada su sare itace mai 'ya'ya. Don ana keta doka ba a cewa a soke ta. Wanda ya fi kowa asara idan an soke ta shi ne wanda ake ketawa a kansa.

Kuma an koyi wani abu daga kunyar Ruwanda da ta Srebrenica a Bosniya, inda aka kashe Musulmi maza kusan 8,000 a 1995 a yankin da aka ce Majalisar na gadi. Kofi Annan, haifaffen Kumasi, shi ne shugaban sashen wanzar da zaman lafiya a 1994, daga baya kuma ya amsa cewa ya kamata a ce ya yi fiye da abin da ya yi. A zamanin shugabancinsa ne, a 1999, aka fara ba wata runduna umarni a rubuce ta kare fararen hula, wato ta Saliyo. Amfanin wannan ya fito fili a Disamban 2013 a Sudan ta Kudu, lokacin da aka buɗe ƙofofin sansanonin Majalisar ga masu gudu. Sansanin Bentiu kaɗai, inda bataliyar Ghana ta yi aiki, ya ɗauki mutum fiye da 100,000. Ba na ɓoye tabon da ke jikinmu: a 2018 an janye 'yan sandan Ghana 46 daga Wau bisa zargin lalata da matan da aka ba su amanarsu. Irin wannan cin amana ya cancanci hukunci a bainar jama'a.

Laberiya ma mun ga abin da haɗa hannu ya yi. Janar Arnold Quainoo na Ghana ne ya fara jagorantar ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta ECOWAS, a 1990, a shekarar aka buɗe wa 'yan gudun hijirar Laberiya sansanin Buduburam a Ghana, a nan Accra kuma aka sa hannu kan sulhu ranar 18 ga Agustan 2003, bayan matan Laberiya, Musulmi da Kirista, sun zauna sun tare ƙofar zauren taro sun ce babu mai fita sai an daidaita.

Yanzu fa gobarar a bayan ɗakinmu take. Duk wanda ke hulɗa da kasuwar albasa ta Adjen Kotoku ko kasuwar shanu ta Tulaku ya san haka tun kafin jarida ta faɗa masa. Direba zai gaya maka yadda ake jera manyan motoci kwana da kwanaki ana jiran rakiyar soja a hanyar Kaya zuwa Dori, albasa tana ruɓewa a buhu, shi kuma yana kwana ƙarƙashin mota da carbi a hannu. Sama da mutum miliyan 2 sun bar gidajensu a Burkina Faso. Masu iƙirarin jihadi sun kashe fiye da mutum 130 a Solhan a Yunin 2021, sun kuma datse garin Djibo tun 2022. Amma ba su kaɗai ke kisa ba, kuma nan ne bakin mutane da yawa a zango ke yin nauyi saboda ƙaunar da suke yi wa shugabannin soja na Sahel. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar ya ce sojojin Mali da mayaƙan waje sun kashe aƙalla mutum 500 a Moura a Maris ɗin 2022. Human Rights Watch ta ce sojojin Burkina sun kashe 223, ciki da yara 56, a Nondin da Soro a Fabrairun 2024. Gwamnatocin biyu sun musanta. To a bar masu bincike na waje su shiga mana. Wanda ya yi wa Gaza kuka, ya wajaba ya yi wa Moura.

Abin takaicin shi ne a daidai wannan lokaci igiyoyin haɗin kai ke tsinkewa. Rundunar Majalisar ta bar Mali a ƙarshen 2023. Mali da Burkina da Nijar sun kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. Shirin Accra na 2017, da aka kafa don musayar bayanan tsaro tsakanin ƙasashen gaɓar teku da na Sahel, ya yi sanyi. Ghana ta yi rawar gani tare da Gabon da Mozambik wajen samar da ƙuduri mai lamba 2719 a Disamban 2023, wanda ya ba da damar Majalisar ta ɗauki har kashi 75 cikin 100 na kuɗin rundunar da Tarayyar Afirka za ta tura, amma ƙuduri a takarda bai taɓa tare harsashi ba. Shugaba Mahama ya kyauta da ya naɗa manzo na musamman kan ƙasashen uku, ya kuma je Bamako da Yamai da Wagadugu da kansa a Maris ɗin 2025. Ina goyon bayan wannan zumunci ɗari bisa ɗari. Sharaɗina ɗaya ne: kada hirar ta tsaya kan tashar jiragen ruwa ta Tema da cinikin kaya. A sa batun hanyar kai abinci garuruwan da aka datse, da batun binciken kashe-kashe, a kan tebur.

Sai kuma abin da ke hannunmu mu kaɗai, wanda babu kujerar na-ƙi da za ta hana. A Yulin 2023 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar ta nuna damuwa kan rahoton cewa Ghana ta mayar da ɗaruruwan 'yan Burkina, yawancinsu mata da yara, rahotanni kuma suka ce akasarinsu Fulani ne. Gwamnati ta ce tsaro ne ya sa, ba ƙabila ba. Tsoron na gaskiya ne, ga rikicin Bawku a bakin iyaka. Amma Bafulatanar da ta tsallako da goyo a baya, ba takarda, 'yan sa-kai na zarginta da haɗa baki, masu bindiga a daji na zarginta da tona asiri, idan aka mayar da ita wajen wa za ta? Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Afirka ta 1969 ta hana tura mutum inda ransa ke cikin haɗari. Mu mutanen zango mun fi kowa sanin wannan ciwo, domin a shekarar ce gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka cusa iyayen wasunmu a manyan motoci, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya.

Maganin tsoron shi ne tantancewa: a yi wa kowa rajista, a ɗauki hoton yatsa, a ware wanda ake zargi a bincike shi shi kaɗai, sauran a kai su sansani irin na Tarikom da ke arewacin Ghana. Wannan aiki na cin kuɗi, kuma nan ne Ghana ke da bakin neman tallafin duniya, tunda tun Kongo a 1960 take tura 'ya'yanta gadin na wasu. Sarakunan zango da limamai da 'yan majalisar da muka zaɓa daga Ayawaso da Asawase su nemi a bayyana adadin waɗanda aka yi wa rajista a kan iyaka da adadin waɗanda aka mayar, a kuma faɗi ko akwai Fulani a cikin waɗanda aka karɓa.